ZAUREN ZANGO: Man Fetur Daga Bola? A Yi Tambaya Kafin A Hura Wuta

Mun yi alkawari a fitowar da ta gabata cewa za mu ci gaba da zancen kuɗin makarantar yara, to amma wata magana ta taso a unguwarmu wadda ba za ta jira ba, saboda haka muna neman afuwa, zancen makaranta sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga samari uku na ƙungiyar matasan unguwa sun tare mu a zaure. Bayan gaisuwa, babbansu ya miƙo mana wayarsa ya ce, "Kawu, don Allah ku dubi wannan, ku ga arzikin da muke takawa kullum ba mu sani ba." Muka sa tabarau muka duba. Wani mutum ne a wata ƙasa ya cusa leda cikin ganga, ya rufe bakinta, ya hura wuta a ƙarƙashi. Wani bututu ya fito daga kan gangar ya ratsa cikin bokitin ruwa, can sai ga wani abu ja-ja yana ɗiga cikin kwalba. Mutumin ya ɗauki kwalbar ya juye a tankin babur, ya buga, babur ya tashi.

Shawarar samarin ita ce a ɗebi kuɗin da ke cikin asusun ƙungiya, waɗanda aka shekara biyu ana tarawa don gyaran makewayin makarantar allo, a ba mai walda ya haɗa musu irin wannan ganga, su kafa ta a bayan gida kusa da babbar kwata. Leda kuwa ga ta nan kyauta. A lissafinsu kafin Babbar Salla sun mayar da kuɗin har da riba, unguwa ta yi fes, 'yan okada sun sami mai da araha. Dattijon da ke riƙe da littafin asusu ya ce ko fesuwa ba za ta fita ba sai an bincika. Aka ɗora mana binciken, mu kuma muka ga ya kamata mu kawo abin da muka samo a nan, don mun tabbata ba a unguwarmu kaɗai wannan hoto ya zagaya ba.

Da farko dai, abin da suka gani gaskiya ne, ba siddabaru ba ne. Ana iya fitar da mai daga leda. Sai dai hoton minti uku bai nuna musu rabin labarin ba.

Kafin mu shiga cikin ganga, bari mu ba samarin nan gaskiyarsu, domin abin da ya dame su ya dami kowa. Mu da muka ɗan kwana biyu a duniya mun san lokacin da ake sayen waakye a ganye, koko a kwano, goro kuwa a huhunsa. Mai ruwan sanyi tana yawo da bokiti da kofi ɗaya, kowa ya sha ya miƙa wa na kusa. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ruwan leda na inji ya cika gari, kuma ba za mu yi butulci ba, ya raba mu da wancan kofi na kowa da kowa. To amma kowace leda da aka tsotse sai ta sami wurin kwana. Yau in mutum ya leƙa babbar kwatar da ta ratsa Nima da Maamobi a Ankara, ko rafin Aboabo a Kumasi, ba zai ga ruwa ba sai ya yaye leda, ko roba kamar yadda muka fi kiranta a nan.

Masana sun lissafa a 2017 cewa daga 1950 zuwa 2015 duniya ta ƙera roba tan miliyan 8,300. Daga cikin wadda ta zama shara, kashi 9 cikin 100 kawai aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, sauran kashi 79 kuwa suna nan jibge a bola ko warwatse a ƙasa da ruwa. Mu a Gana ana ƙiyasta muna zubar da wajen tan miliyan guda a kowace shekara, abin da ake kwashewa a sake amfani da shi kuwa bai taka kara ya karya ba.

Mun kuma biya farashin wannan da rayuka. A 2014 kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, fiye da 200 suka rasu, abin da ya sa a watan Nuwamba na shekarar gwamnati ta ware Asabar ta farko a kowane wata don shara. Ba a cika shekara ba, a daren Laraba 3 ga Yuni 2015, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogin Odaw ya tumbatsa, jama'a suka fake a wani gidan mai da ke Circle, mai ya malalo bisa ruwa, wuta ta kama, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Ba leda kaɗai ta jawo wannan ba, akwai gine-gine a kan hanyar ruwa, amma duk wanda ya ga abin da aka kwaso daga magudanu bayan haka ya san da hannunta a ciki. Mahautanmu kuma su ne shaida a kan dunƙulen leda da suke cirowa daga tumbin shanu da tumaki. Dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani, ashe leda ce ta cika mata ciki. Saboda haka saurayin da ya dubi kwata ya ce dole a yi wani abu, ɗan halal ne.

To yaya ake yi leda ta koma mai? Amsar ita ce da ma daga mai ta fito. Irin robar da ake yin leda da ita, a Ingila aka gano hanyar ƙera ta a 1933, kuma daga ɗanyen man fetur da iskar gas ake samun kayan haɗinta. Ku ɗauki misalin carbi. Iskar gas da muke girki da ita kamar carbi ne mai ƙwaya uku ko huɗu. Fetur mai ƙwaya biyar zuwa goma sha biyu ne, kananzir da gas na mota sun ɗan fi haka tsawo, kakin kyandir ya fi su duka. Leda kuwa carbi ce mai ƙwaya dubbai a zare ɗaya, shi ya sa ta yi tauri, shi ya sa kuma ƙasa ba ta iya cin ta. In aka tsinka wannan dogon zare gunduwa-gunduwa, sai a koma gidan jiya, wato gas da fetur da kananzir da kaki.

Abin da ke tsinka zaren shi ne zafi, amma da sharaɗi guda: kada iska ta shiga. Turawa suna kiran wannan aiki fairolisis, daga kalmomi biyu na Girkanci masu nufin wuta da warwarewa. Sunan ne baƙo, aikin kuwa kakanninmu sun san shi. Mai yin gawayi yana jera itace, ya lulluɓe da ciyawa da ƙasa, ya sa wuta, ya bar 'yar kafa kaɗan. Da ya bar shi a fili da toka zai kwasa, amma da yake ya hana shi iska sai itacen ya gasu ya zama gawayi. Haka ake yi wa leda. A zuba ta cikin tukunyar ƙarfe rufaffiya, a kai zafinta digiri 400 zuwa 500, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Sai ta narke, ta koma tururi, tururin ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi ya zama mai. Ko da yake ba ma sha, duk wanda ya taɓa wucewa ta inda ake dafa apetashi ya ga irin wannan bututu da gangar ruwa. Wani ɓangare na tururin ba ya komawa ruwa, gas ne, kuma a injin kirki akan mayar da shi ƙarƙashin tukunya ya taya hura wuta. A gindin tukunya kuma sai a tarar da baƙin gari kamar na gawayi. In ledar tsabtatacciya ce, busasshiya, kuma irin wadda ta dace, kilo guda yana iya ba da abin da ya kusa lita guda ta ɗanyen mai.

A wannan "in" ɗin gizo yake saƙa. Roba ba iri ɗaya ba ce. Ku juya gindin kowace roba za ku ga lamba daga 1 zuwa 7 cikin alama mai kusurwa uku. Masu lamba 2 da 4, wato jarkoki da ledar ruwa da baƙar leda, da masu lamba 5, wato bokiti da kujeru da buhun shinkafa, da masu lamba 6, wato farin kwanon soso da ake zuba abinci a ciki, su ne suke ba da mai. Lamba 1, wato gorar ruwa da ta lemo, ba ta ba da man kirki, sai wani gari mai tsami da ke daskarewa cikin bututu ya toshe shi. Tukunya rufaffiya, wuta a ƙasa, bututu a toshe, ba sai mun faɗa muku sunan wannan abu ba. Lamba 3 kuwa ta fi kowace haɗari. Ita ce ta bututun famfo da rigar wayar lantarki da wasu shimfiɗun ɗaki, kuma fiye da rabin nauyinta sinadarin kulorin ne. In ta ji wuta sai ta saki iska mai cin ƙarfe, balle huhun ɗan Adam, in kuma ta ƙone da iska sai ta haifar da gubar da ake kira dayoksin.

Wannan guba ba labarin nesa ba ce gare mu. Kowa ya san Agbogbloshie kafin a rushe ta a watan Yuli na 2021, inda 'yan'uwanmu da yawa daga arewa suke ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe. A 2019 wasu ƙungiyoyin kare muhalli suka auna ƙwan kajin da ke kiwo a wurin, suka tarar babban mutum in ya ci ƙwai ɗaya tak, ya ci dayoksin ninki 220 na abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jiki zai iya ɗauka a yini. Dayoksin ba ta da wari, ba ta kashewa nan take, tana taruwa ne a kitsen jiki, ta bi ƙwai da nama da nonon uwa, kuma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Gangar da mai walda ya haɗa, wadda ke yoyon hayaƙi ta kowace kafa, in aka kafa ta a tsakiyar Zango inda ɗaki yake manne da ɗaki, ƙaramar Agbogbloshie aka kawo ƙofar gida.

Abu na biyu da hoton bai nuna ba shi ne man da kansa. Abin da ke ɗiga cikin kwalba gauraye ne, akwai mai sauƙi irin fetur, akwai mai nauyi, akwai kaki wanda in ya kwana sai a tarar ya yi kauri kamar man kaɗe. Babur zai tashi da shi a gaban kyamara, amma babu wanda ya dawo bayan wata uku ya nuna mana cikin injin. Kafin ya zama man da za a amince da shi sai an sake tace shi, an raba kowane kashi daban, an auna shi a ɗakin gwaji. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne a sayar wa mata shi da sunan kananzir. Kananzir na gaske ba ya kamawa da wuri, shi ya sa ake zuba shi a fitila da risho hankali kwance. In akwai ɗan fetur a ciki, ashana ɗaya ta isa ta tashi ɗaki. Bugu da ƙari, doka ba ta yarda kowa ya dafa mai ya sayar ba. Sai da izinin Hukumar Kare Muhalli, da lasisin Hukumar Man Fetur ta Ƙasa, da takardar 'yan kwana-kwana, kuma babu ɗayansu da zai sa hannu a kan ganga a bayan gida.

Abu na uku lissafi ne, kuma a nan ne 'yan kasuwar cikinmu za su fi gane mu. Samarin sun ce leda kyauta ce. Ledar da ke cikin kwata jiƙaƙƙiya ce, ga yashi, ga miya, ga abin da ba ma so mu ambata. Sai an tsamo ta, an ware, an wanke, an shanya, kuma kowane ɗayan waɗannan aikin mutum ne da za a biya. Ledar ruwa ba ta da nauyi, sai an tara ɗaruruwa kafin ta cika kilo. Sa'an nan ita tukunyar sai ta yi sa'o'i tana cin itace ko gas kafin digo ɗaya ya fito. Tsabtatacciyar ledar ruwa kuwa, wadda ita ce ta fi ba da mai, da ma tana da masu saye. Iyayenmu mata da tsofaffi da ke bin tasha da kasuwa da manyan buhuna, ita suke tsinta, a auna a biya su, a kai masana'antun Tema da Ankara da Kumasi a narka a yi sabuwar baƙar leda da bokitai da sauransu. Wannan hanya ta fi sauƙi, ta fi ƙarancin cin wuta, kuma robar tana nan a matsayin roba. In mai ganga ya shigo kasuwa, ko dai ya yi takara da waɗannan mata a kan leda mai kyau, ko ya ɗauki wadda suka ƙi, irin ta biskit da ta omo da ta madarar gari mai ƙyalli a ciki. Ita kuwa wannan, da yake an manna roba iri-iri da ƙarfe a jikinta, ita ce tukunya ta fi ƙi. Ledar da ta fi damun mu a kwata ita ce wadda ganga ba ta so.

Kada wani ya ce don muna talakawa ne abin ya gagare mu. Masu kuɗin duniya ma sun sha wuya a kansa. A 2021 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bi diddigin ayyuka 30 na irin wannan sarrafa roba a nahiyoyi uku, ya tarar dukansu ko dai ƙanana ne har lokacin, ko sun rufe. Kamfanin Shell ya yi shela a 2019 cewa kafin 2025 zai riƙa sarrafa tan miliyan guda na sharar roba a shekara, amma a 2024 ya amsa da bakinsa cewa hakan ba zai yiwu ba. A garin Ashley na jihar Indiyana ta Amurka an gina masana'anta don ta ci tan 100,000 a shekara, gobara ta tashi a cikinta a 2021 da 2023, a watan Maris na 2025 kuma masu ita suka je kotu suka ce bashi ya fi ƙarfinsu. A Indiya, inda ake dafa tsofaffin tayoyi ta wannan hanya, a 2019 hukumar hana gurɓata muhalli ta ba da umarnin rufe wurare 270 saboda sun karya ƙa'ida.

Amma kuma adalci ne mu faɗi ɗaya gefen. A ƙasar Sifen, a garuruwan Almeriya da Sebiya, an kafa masana'antu biyu da suka yi shekaru suna dafa leda suna sayar da man ga manyan kamfanoni, su kuma su mayar da shi sabuwar roba. A nan gida ma, a 2022 an ƙaddamar da tashar gwaji a Gyankobaa ta jihar Ashanti da taimakon gwamnatin Jamus, mai ƙarfin kilowat 400, wadda ta haɗa hasken rana da gas na ruɓaɓɓiyar shara da dafa roba. Masana a Jami'ar Gana da ke Legon su ma sun yi gwaje-gwajen mayar da leda mai. Abin lura a duk waɗannan wurare shi ne akwai injiniyoyi, akwai ma'aunin zafi da na matsin iska, akwai matatar hayaƙi, akwai masu ware roba kafin ta shiga tukunya, kuma babu gadon kowa a jikin bangon. Sana'a ce ta masu ilminta, kamar haɗa magani. Sa'an nan a tuna, man da aka samu in an zuba a mota ƙonewa zai yi ya zama hayaƙi. An rage bola, an sami mai, amma masana'anta za ta sake jawo sabon fetur ta yi sabuwar leda gobe.

Shi ya sa wasu suka bi wata hanyar. A Ashaiman, Nelson Boateng da kamfaninsa Nelplast sun yi suna wajen narka leda su cuɗa da yashi su buga bulon daɓe da na gini. A Ankara tun 2007 masu Trashy Bags suka fara wanke ledar ruwa suna ɗinka jakunkuna da ita. A Kamaru, tsohon ɗan ƙwallo Roger Milla ya sa gidauniyarsa ta koya wa matasa yin bulon daɓe da leda. A Kodebuwa kuwa, a 2019 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haɗa kai da wani kamfanin Kolombiya don gina azuzuwa da bulon roba. Ko wannan narkawa ma tana da hayaƙinta, ba a yin ta a tsakar gida, amma ba ta buƙatar zafin da dafa mai yake buƙata, kuma ba a tara tururin fetur a cikin rufaffen ƙarfe. Wasu ƙasashe kuma sun tare abin daga tushe: Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta bi baya a 2017. A nan, a watan Yuni na 2025 Shugaba Mahama ya sanar da niyyar hana farin kwanon soso. Taron ƙasashen duniya na ƙulla yarjejeniya a kan roba, wanda aka amince a fara a Nairobi a 2022, ya watse ba matsaya a Busan a ƙarshen 2024, ya sake watsewa a Janiba a watan Agusta na 2025. In muka ce sai sun gama za mu share ƙofar gidanmu, za mu daɗe.

To me muka gaya wa samarin? Mun ce musu idonsu ya ga daidai, akwai kuɗi a cikin leda, amma ƙofar shigarsa ga mai ƙaramin jari ita ce tarawa da warewa. Duk masu narkawa da masu bulo da masu dafa mai kukansu ɗaya ne, ba sa samun roba tsabtatacciya wadda aka ware, da yawa, a kan lokaci. Ƙungiyar da ta sami ɗan fili daga hannun Sarkin Zango ko ɗan majalisar unguwa, ta sayi sikeli da buhuna da safar hannu, ta yi hayar aboboya, ta sa gidaje su riƙa ajiye ledar ruwa daban tun kafin ta taɓa ƙasa, ta shiga kasuwa ke nan. Ledar da ba ta shiga kwata ba ba ta buƙatar wanki, kuma ta fi daraja. Matan da suka riga su a sana'ar a jawo su a jiki, a saya a hannunsu da farashi na gaskiya, kada a ture su. Kafin a sayi ko buhu ɗaya kuma, a je masana'anta biyu ko uku a ji irin wadda suke so da nawa suke biya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuma zuciyarsa ta kafe a kan dafa mai, ƙofar ilmi a buɗe take. Muna da yara masu karatun kimiyya a sakandare da jami'o'in fasaha, a tura su su ga inda ake yi da ƙa'ida, su koya, wata rana su kafa tasu a bayan gari da izini.

In kuma wani ya zo muku da inji na sayarwa, ko da takardar sayen hannun jari a kamfanin mayar da leda mai, domin irin waɗannan ba sa rasa zuwa inda ake adashi, ku yi masa tambayoyi kafin ku taɓa aljihu. A ina irin wannan inji ya shekara yana aiki, mu je mu gani da idonmu? Wa ya auna man, ina takardar? Wa ke sayensa? Yaya ake yi da lamba 1 da lamba 3? Ina hayaƙin yake zuwa, ina ake kai baƙin garin? Ina izinin hukuma? Mai gaskiya zai ji daɗin tambayoyin nan. Wanda ya fara fushi ko ya ce sirrin kamfani ne, ku yi masa rakiya zuwa bakin titi.

Akwai kuma tambayar da ya kamata mu riƙa yi wa wakilanmu in sun zo neman ƙuri'a. A 2013 doka ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan roba, da nufin a zuba wani kaso a asusun sarrafa sharar roba, kuma masu masana'antu sun sha kokawa cewa ba su ga amfanin asusun ba. Ina kuɗin suke, kuma nawa ne rabon unguwannin da suka fi kowa shan wahalar kwata?

Sauran magana tamu ce ta cikin gida, ba ta buƙatar inji ko gwamnati. Iyayenmu mata, don Allah a daina hura gawayi da leda, hayaƙin nan ku da goyonku ne kuke fara shaƙa. A daina ƙona bola a lungu da magariba. Mahauta, a bar babbaka da taya, ganda da kai da ƙafa cikinmu suke shiga. Yaro in za shi sayen koko ko tuwo a ba shi kwano mai murfi kamar yadda aka yi mana. Wanda ya ɗaure ragon layya ya duba abin da ke gabansa. In hadari ya haɗo kuma, mai ɗauko kwandon shara ya juye a kwata don ruwa ya tafi da shi, ya sani ɗakin wani Musulmi ko Kirista ɗan'uwansa yake aika wa can gangare.

Ƙungiyar matasan ta zauna ranar Lahadin da ta wuce. Kuɗin makewayi suna nan ba a taɓa ba, an kuma naɗa mutum uku su je su ji farashi a masana'antu. Saurayin da ya fara kawo mana hoton bai ji daɗi ba, har ya ce, "Kawu, ku manya kullum sai ku ce a dakata." Muka ce masa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, amma kuma ba don shi ba da har yanzu muna tsallake kwatar nan muna toshe hanci ba tare da mun yi tunanin komai ba. Shi aka ba shugabancin masu zuwa jin farashin, kuma mun yi masa alkawarin duk abin da suka samo za mu buga shi a wannan fili.

Masu karatu na Kumasi da Tamale da Takoradi da Koforidua da sauran zangunan ƙasar nan, duk wanda unguwarsu ta gwada tara leda, ko ta yi nasara ko ta faɗi, ya rubuto mana ta ofishin wannan mujalla don wasu su ƙaru. Allah ya ba matasanmu sana'a mai albarka, ya tsare mu da gobara da ambaliya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin. Sai mun sadu a wata mai zuwa.